Kibber: Ƙauyen Kan Tsauni Mai Mutum 366

Idan aka ambaci Indiya, abin da ke fara zuwa wa yawancinmu a rai shi ne cunkoso: jiragen ƙasa maƙil da fasinja, kasuwannin da babu masaka tsinke, da manyan biranen da muke gani a finafinai. Haka abin yake kuwa, domin ƙidayar jama'a ta shekarar 2011 ta nuna mutanen ƙasar sun haura biliyan 1 da miliyan 210. Amma a cikin wannan ƙasa akwai wani ƙauye da aka ƙirga mutanensa kaf, yaro da babba, aka samu 366. Adadin ya yi daidai da kwanakin shekarar da watan Fabrairu ke yin kwana 29. Da za a raba wa mutanen ƙauyen ranakun irin wannan shekara, da kowa ya samu rana ɗaya, babu ragi babu ƙari.

Sunan ƙauyen Kibber. Yana cikin kwarin Spiti, a jihar Himachal Pradesh da ke arewacin Indiya, kusa da iyakar Tibet. A wannan mako can za mu nufa, ɗalibai, mu ga wurin, mu ga yadda ake ƙirga mutanensa, sannan mu ga abin da alƙaluma ke faɗa game da karatunsu. Ku ɗauko biro da takarda, domin akwai ɗan lissafi a hanya.

Hanyar zuwa

Kibber na zaune a tsayin kimanin mita 4,270 daga saman teku. Don ku gane girman wannan adadi, ku tuna cewa birnin Jos, wanda muke yi wa kirari da sanyi, yana kan kimanin mita 1,200 ne. Dutsen Chappal Waddi na jihar Taraba, wanda ya fi kowane dutse tsawo a Nijeriya, mita 2,419 ne. Ke nan ko ka hau ƙololuwar Nijeriya, da sauran hawan fiye da mita 1,800 kafin ka kai ƙofar gidan mutumin Kibber.

Hanyoyi biyu ne ke kai matafiyi. Ta farko tana tasowa daga Shimla, babban birnin jihar, ta ratsa gundumar Kinnaur, ta bi gefen kogin Sutlej sannan ta shiga kwarin kogin Spiti. Tafiyar ta haura kilomita 400, kuma direbobi kan raba ta kwana biyu, saboda a wurare da yawa an sassaƙe hanyar ne a jikin dutse, dutse ta wannan hannu, rami ta wancan. Ta biyu tana tasowa daga garin Manali. Ta fi gajarta, musamman tun da aka buɗe hanyar ƙarƙashin dutse ta Atal a watan Oktoba na 2020, mai tsawon kilomita 9. Sai dai dole mota ta haura mashigar Kunzum, wadda ta wuce mita 4,500, kuma dusar ƙanƙara kan rufe ta fiye da rabin shekara.

Duk hanyar da ka biyo, a Kaza za ka sauka, garin da ofisoshin gwamnati na yankin Spiti suke, da kasuwa da asibiti. Daga Kaza zuwa Kibber kimanin kilomita 20 ne na hawa. A tsakani za ka wuce gidan ibadar Ki na mabiya addinin Buddha, fararen ɗakuna da aka ɗora wani kan wani a bisa tudu. Masu hikima ba sa gaggawar ƙarasawa. A tsayin Kibber, iskar oksijin da mutum ke samu a kowane numfashi kusan kashi 60 cikin 100 ce ta abin da yake samu a bakin teku. Baƙon da ya hau da sauri kan yi fama da ciwon kai, jiri da rashin barci. Shi ya sa ake shawartar mutum ya kwana ɗaya ko biyu a Kaza jikinsa ya saba. Sannu ba ta hana zuwa.

Yadda ƙauyen yake

Abin da zai fara ba ka mamaki shi ne ƙarancin bishiyoyi. Manyan tsaunukan Himalaya suna tare gajimaren damina kafin ya iso, don haka ruwan sama kaɗan ne ƙwarai. Masana na kiran irin wannan wuri hamada mai sanyi. Tsaunukan tsirara suke, launin ƙasa da toka, kawunansu fari fat da ƙanƙara.

Gidajen ƙauyen sun jeru a jikin gangare, kusan duk kamarsu ɗaya: ginin dutse da laka, an shafe shi da farar ƙasa, an zagaye tagogi da baƙin fenti, rufin kuma shimfiɗaɗɗe kamar na soro. A gefen rufin ana jera ƙirare da ciyawa. A tsarin gidajen gargajiya dabbobi na kwana a ƙasa, mutane a sama. A tsakiyar ɗakin zama akwai murhun ƙarfe da ake hurawa da itace da busasshen kashin dabbobi, kuma a nan iyali ke taruwa idan hunturu ya shigo. Da dare sanyi kan sauka ƙasa da digiri 20 a ƙarƙashin sifili. Ruwa na daskarewa a famfo.

Noma sau ɗaya ake yi a shekara. Ruwan da ake shayar da gonaki daga narkakkiyar ƙanƙara yake zuwa, ta ƙananan magudanai da aka haƙa tun kaka da kakanni, kuma ana rabon ruwan bi da bi. Suna shuka sha'ir, su soya shi, su niƙa, su sami garin da suke kira tsampa, wanda ake damawa da shayi mai gishiri da man shanu. Tun wajajen shekarun 1980 suka rungumi noman wani koren wake mulmulalle da ake lodawa a mota zuwa kasuwannin biranen da ke ƙasa, kuma ya zama babbar hanyar samun kuɗinsu. Suna kiwon tumaki, awaki, jakuna, dawaki, da wata irin saniya mai dogon gashi da ake kira yak. A da, mutanen Kibber kan kora dawakinsu ta mashigar Parang zuwa Ladakh, tafiyar kwanaki a ƙafa, su yi musaya da makiyayan can.

Mutanen ƙauyen mabiya addinin Buddha ne irin na Tibet, harshensu na gida kuma ɗan'uwan harshen Tibet ne. Ku riƙe wannan batu na harshe, za mu dawo kansa.

Ranar da mai ƙidaya ya iso

Indiya ta soma ƙidayar jama'a ta bai ɗaya a 1881, ta ci gaba da yi duk bayan shekara goma har zuwa 2011. A ƙidayar 2011 an baza ma'aikata kimanin miliyan 2.7, da yawansu malaman makaranta. A yawancin ƙasar an bi gida-gida daga 9 zuwa 28 ga Fabrairu, 2011. To amma wa zai bi gida-gida a Spiti cikin Fabrairu, lokacin da ƙanƙara ta rufe hanyoyi? Saboda haka hukuma ta ware yankunan ƙanƙara na Himachal Pradesh, Uttarakhand da Jammu da Kashmir, aka ƙirga su tun watan Satumba na 2010. Wato alƙaluman Kibber da ake kira na 2011 an tattara su ne wata biyar kafin na Delhi.

Wannan dabara ta riga sauran ƙasa saboda ƙanƙara tsohuwa ce. A babban zaɓen farko na Indiya, mutanen Kinnaur, maƙwabtan Spiti, sun jefa ƙuri'a tun watan Oktoba na 1951, kafin hunturu ya rufe su. Wani malamin makaranta a garin Kalpa mai suna Shyam Saran Negi shi ake ɗauka a matsayin mutum na farko da ya jefa ƙuri'a a Indiya mai 'yancin kai. Ya rasu a 2022 yana da shekara sama da ɗari.

Ga abin da ƙidayar ta samu a Kibber: gidaje 77, mutane 366, maza 187, mata 179.

Yanzu ku ɗauko biro. Ku raba 366 da 77, za ku samu 4.75. Ma'ana, a kowane gida akwai kusan mutum biyar. Ku raba 179 da 187, ku ninka da 1,000, za ku samu 957. Wato da mazan ƙauyen sun kai dubu, da matan sun zama 957. Hukumomin Indiya suna sa ido sosai a kan wannan adadi, saboda a wasu jihohin fifita ɗa namiji ya jawo ƙarancin mata. A ƙasar baki ɗaya, mata 943 ne ga kowane maza 1,000 a 2011, a jihar Himachal Pradesh kuwa 972. Kibber ta faɗo a tsakani.

Gundumar da ƙauyen yake ciki, Lahaul da Spiti, ita ma abin dubawa ce. Faɗinta ya kusa murabba'in kilomita 14,000, kusan kashi ɗaya bisa huɗu na jihar, ko kuma ku ce wajen kashi biyu bisa uku na faɗin jihar Kano. Mutanenta kuwa 31,564 ne kacal, alhali ƙidayar 2006 ta ba jihar Kano sama da mutum miliyan 9. Mutum biyu ne a kowane murabba'in kilomita. Babu wuri ko ɗaya a gundumar da ƙidayar ta ɗauka a matsayin birni, duk karkara ce.

Wani abin lura: a 2001 mutanen gundumar 33,224 ne. Ku cire, za ku ga sun ragu da 1,660 cikin shekara goma, kimanin kashi 5 cikin 100, a lokacin da yawan mutanen Indiya ya ƙaru da fiye da kashi 17. Daga cikin dalilan da ake bayarwa akwai ƙaura. Matasa na sauka zuwa Kullu, Manali, Shimla da sauran garuruwa neman karatu da aiki, kuma ba duka ke dawowa ba.

Wane ne mai karatu?

Kafin mu duba alƙaluman karatu, dole mu san abin da ake aunawa. A ƙidayar Indiya, wanda ake rubutawa a matsayin mai iya karatu da rubutu shi ne mutum ɗan shekara bakwai zuwa sama, wanda zai iya karantawa ya kuma rubuta da fahimta a kowane harshe. Akwai abubuwa huɗu a cikin wannan ma'ana.

Na farko, yaran da ba su kai shekara bakwai ba ana cire su daga lissafi, ko da suna zuwa makaranta. Na biyu, karatu kawai bai wadatar ba, sai an haɗa da rubutu. Na uku, ba a tambayar takardar shaida. Wanda bai taɓa shiga aji ba amma ya koya a gida ko a wurin ibada, ya shiga. Na huɗu, kowane harshe ya yi, har da rubutun makafi.

Bari mu gwada da misali na ƙirƙira. A ce akwai ƙauye mai mutum 400. Daga ciki 50 yara ne 'yan ƙasa da shekara bakwai. Saura 350. A ce 280 daga cikinsu sun iya karatu da rubutu. Ku raba 280 da 350, ku ninka da 100, za ku samu kashi 80. Wanda ya manta bai cire yaran ba, ya raba da 400, kashi 70 zai samu. Ƙauye ɗaya, amsa biyu, bambancin maki goma. Shi ya sa duk lokacin da kuka ji an ce kashi kaza na mutanen wuri kaza sun iya karatu, ku tambaya: kashi kaza na su wa?

Ga alƙaluman 2011. A Indiya baki ɗaya, kimanin kashi 73 cikin 100. A Himachal Pradesh, kashi 82.80. A gundumar Lahaul da Spiti, inda Kibber take, kashi 76.81. Wato gundumar da ke can ƙuryar tsaunuka, wadda ƙanƙara ke yanke wa hanya watanni, ta wuce matsakaicin ƙasar. Ta kuma yi wa jihar Bihar nisa, wadda ke shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai albarkar noma amma ta tsaya a kusan kashi 62.

Sai dai idan aka fasa adadin gida biyu, wani labari ke fitowa. Mazan gundumar kashi 85.69 ne suka iya karatu da rubutu, matan kuma kashi 66.84. Tazarar ta kusa maki 19. A jihar baki ɗaya tazarar ba ta kai maki 14 ba: maza 89.53, mata 75.93. A taƙaice, cikin kowane mata uku na gundumar, ɗaya ba ta iya karanta takardar asibiti ko rubuta sunanta ba a lokacin ƙidayar. Adadin 76.81 shi kaɗai ya lulluɓe wannan.

Me ya kawo tazarar? Alƙaluman karatu suna ɗauke da tarihin kowa da ke raye, daga ɗan shekara bakwai zuwa tsohuwa mai shekara tamanin. Matar da ta taso lokacin da makaranta ke da nisa, aikin gona da ɗiban ruwa da kiwo kuma suna jiranta, tana cikin lissafin har ƙarshen rayuwarta, sai fa in ta shiga ajin yaƙi da jahilci. Ko da a ce yau kowace yarinya tana aji, sai an ɗauki shekaru masu yawa kafin tazarar ta rufe. Abin da aka hana yarinya tana 'yar shekara bakwai yana bayyana a takardar ƙidaya shekara sittin bayan haka.

Harsuna uku, rubutu uku

Mun ce za mu dawo kan harshe. Yaron Kibber yana tashi da harshen Spiti a bakinsa. Idan ya shiga makaranta sai ya tarar da Hindi, mai nasa haruffan, da Turanci, mai nasa. Littattafan addininsa kuma da haruffan Tibet aka rubuta su. Haruffa iri uku ke nan.

A al'adar Spiti ta da, babban ɗa ne ke gadon gona da gida, don kada a yi ta yanka ƙasar noma ƙanana-ƙanana har ta kasa ciyar da kowa. Ƙannensa maza kuma akan kai su gidan ibada irin na Ki, su zama masu zaman ibada, su koyi karatun littattafai. Karatu ya daɗe a wannan kwari. Gidan ibadar Tabo, da ke kan hanyar Shimla, an kafa shi ne a shekarar 996, kuma yana ajiye da tsofaffin rubuce-rubucen hannu. Amma karatun ya fi zama na maza masu zaman ibada. Manomi da matarsa ba su cika samun rabo ba.

A nan ne amfanin sharaɗin “kowane harshe” ke fitowa. Wanda ya iya karatu da rubutu da haruffan Tibet ya shiga lissafi, ko bai san harafin Turanci ko ɗaya ba. Wannan ya kamata ya tuna mana da gida. A garuruwanmu akwai dattawan da ke rubuta wasiƙa da lissafin kasuwanci da ajami, amma idan aka tambaye su ko sun yi karatu sai su ce a'a, domin a tunaninsu boko ake nufi. Yadda aka tsara tambaya, da yadda mai amsa ya fahimce ta, suna iya canja adadin da za a rubuta wa gari guda.

Yadda jihar tsaunuka ta tashi

A 1951, kimanin mutum 8 ne cikin 100 suka iya karatu da rubutu a Himachal Pradesh, lokacin da adadin Indiya ya haura 18. Tana cikin na baya. Zuwa 1991 ta kai kusan kashi 64, a 2001 ta haura 76, a 2011 ta kusa 83. Ma'aunin shekarun da ake farawa da su ya ɗan canja a tsakani, amma hawan a bayyane yake. Wani rahoto kan ilimin firamare a Indiya da aka fitar a 1999, mai suna PROBE, ya ware babi guda kan wannan jiha saboda yadda ta bambanta da maƙwabtanta.

Dalilan da masu bincike suka fi ambata ba su da wuyar ganewa. Gwamnatin jihar ta daɗe tana kashe kuɗi kan makarantu da hanyoyi, ta kai makaranta har ƙananan ƙauyuka maimakon ta jira yara su sauko. Iyaye sun sa ido a kan makarantun, suna bibiyar zuwan malamai. Mata a yankin sun saba fita aiki, don haka fitar yarinya zuwa aji bai zama abin ƙi ba. Daga baya shirye-shiryen ƙasa suka ƙara taimakawa: ciyar da ɗalibai abincin rana, wanda gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 1995, da dokar 2009 da ta mayar da karatu kyauta kuma dole ga yara 'yan shekara 6 zuwa 14.

Kibber tana da makarantar gwamnati. A Rangrik, kusa da Kaza, akwai makarantar kwana ta Munsel-ling da aka buɗe a 1996 domin yaran kwarin. Ƙauyen Chicham, da ke fuskantar Kibber ta tsallaken wani kwazazzabo mai zurfi, ya daɗe mutanensa na tsallakowa cikin kwandon ƙarfe da ke rataye a igiya, sai a 2017 aka buɗe gada. A Hikkim akwai gidan waya a tsayin kimanin mita 4,400. A Tashigang, sama da Kibber, ana kafa rumfar zaɓe a tsayin mita 4,650 domin masu ƙuri'ar da ba su kai ɗari ba. Duk waɗannan ayyuka sun faro ne daga sanin cewa akwai mutane a wurin, da sanin yawansu.

Tarkon ƙananan alƙaluma

Ƙaramin ƙauye yana da nasa tarkon lissafi. A Kibber mutum ɗaya ya kai kashi 0.27 cikin 100 na jama'a. Idan mutum goma suka tashi, ƙauyen ya yi asarar kusan kashi 3. A birni mai mutum miliyan, tashin mutum goma ko a jikinsa.

Ku koma ƙauyenmu na misali. A ce matasa 30 daga cikin masu karatun nan 280 sun tafi kwaleji a birni. Ƙidaya tana rubuta mutum ne a inda yake zaune a lokacin, don haka a birni za a ƙirga su. Saura masu karatu 250 cikin 320, wato kashi 78. Adadin ƙauyen ya sauka daga 80 zuwa 78, ba don an daina karatu ba, sai don karatun ya yi kyau har ya fitar da masu shi. Wanda ya kalli lambar kawai zai zargi makarantar ƙauyen, alhali yabo ta cancanta.

Wannan shi ne babban abin da ke gaban wurare irin Kibber. Karatu yana buɗe wa yaro hanya, hanyar kuma gangara take. Idan duk wanda ya yi karatu ya sauka bai dawo ba, wa zai gyara magudanar ruwa, wa zai koyar a makarantar?

Damisar da ta kawo aiki

Wani ɓangare na amsar ya zo ta inda ba a zata ba. Tsaunukan da ke kewaye da Kibber gandun namun daji ne da doka ta kare, kuma gidan damisar ƙanƙara ne. A da makiyaya na kallon ta a matsayin abokiyar gaba, domin tana kashe musu dabbobi. Wani masanin namun daji, Charudutt Mishra, da abokan aikinsa sun zauna da mutanen ƙauyen. Aka amince a keɓe wani yanki a daina kiwo a cikinsa, don tumakin dajin da damisar ke ci su yawaita. A 2002 kuma aka soma tsarin inshorar dabbobi: kowane mai dabba na zuba ɗan kuɗi a asusun ƙauye, wanda damisa ta kashe wa dabba a biya shi.

Tsari irin wannan ba ya tafiya sai da rajista, rasit da lissafi, wato sai da masu karatu a cikin ƙauyen. Yau baƙi daga ƙasashe daban-daban na zuwa Kibber cikin tsananin hunturu don ganin damisar. Suna kwana a gidajen mutanen ƙauyen, suna ɗaukar matasa masu nuna hanya. Matashin da ya iya Hindi da Turanci, ya kuma san kowane lungu na tsaunin, yana da abin yi a gida. Ita ma damisar an ƙirga ta: rahoton da gwamnatin Indiya ta fitar a Janairun 2024 ya ƙiyasta guda 718 a ƙasar.

Kafin mu sauko

Alƙaluman da muka yi amfani da su sun tsufa. Ƙidayar da ya kamata Indiya ta yi a 2021 an ɗage ta saboda annobar korona, daga baya gwamnati ta tsayar da 2027, yankunan ƙanƙara kuma, kamar kullum, an sa su riga sauran ƙasa. Jaririn da aka rubuta a Kibber a 2010 yanzu ya kai shekarun sakandare, kamar ku. Mu ma a Nijeriya rabonmu da ƙidaya tun watan Maris na 2006, lokacin da aka samu mutum miliyan 140, kuma wadda aka shirya yi a 2023 an ɗage ta. Da yawanku ba a taɓa ƙirga ku ba.

Ga aikin gida. Ku nemi izinin iyayenku, ku zaɓi gidaje biyar na 'yan'uwa ko maƙwabta. Ku rubuta yawan mutanen kowane gida, maza nawa, mata nawa, nawa ne ba su kai shekara bakwai ba. Ku tambayi sauran ko suna iya karantawa da rubutawa a kowane harshe, boko ko ajami, kuma ku yi tambayar cikin ladabi, ba tare da rubuta sunan kowa ba. Ku fitar da kashi na maza daban, na mata daban, sannan ku kwatanta da 85.69 da 66.84 na gundumar Kibber. Idan kun tarar da tazara, ku zauna da kakarku ko gwaggonku ku tambaye ta yadda aka yi. Ku kai sakamakon wa malaminku na lissafi ya duba muku.